Ƙarfe Ɗayan Rana a Dajin Ozak

Kwana huɗu bayan ƙaramar Sallar 2024 ƙanena ya ɗauke ni a mota daga birnin Sant Luwis muka nausa kudu. Barkar haihuwa ce ta kai ni Amurka, kuma a gidansa na ƙarasa azumi. Da yake ya san ni da ƙwaɗayin daji tun muna yara, sai ya nemi alfarma wurin wani abokin aikinsa, wanda mahaifinsa ke zaune kusa da garin Van Buren a kudancin jihar Mizuri, cewa a bar mu mu bi dattijon farautar talotalon daji. Washegari Litinin, 15 ga Afrilu, ranar buɗe farauta ce a duk faɗin jihar.

Ni jikan maharbi ne. Kakanmu ya yi suna a ƙauyukan da ke tsakanin Ningi da Burra, kuma ina ɗan shekara goma nake riƙe masa burgami. Amma talotalo a sanina tsuntsun tsakar gida ne, mai jan fukafukai a ƙasa yana bin yara da gudu. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai inda yake kwana a saman bishiya ba, balle a ce mutum ya tashi tun tsakar dare dominsa ya dawo hannu rabbana.

Tafiyar wajen awa uku ce. Muna barin shimfiɗaɗɗun gonaki sai tuddai suka fara, hanya ta riƙa murɗewa tana hawa tana sauka. Wannan yankin shi ake kira Ozak. Hunturunsu bai daɗe da wucewa ba, itatuwa sun soma toho, ganyen ƙanana kamar kunnen ɓera, ga wasu gajerun bishiyoyi a ƙarƙashin manya sun yi fure fari fat. Duk gidan man da muka tsaya sai mun ga maza da mata sanye da tufafi masu launin ganye da ɓawon itace. Ƙanena ya ce, "Yaya, gobe wasu ko aiki ba za su je ba." Muka haye gadar kogin Current, ruwansa garau har kana hango tsakuwar ƙasa, muka bar kwalta muka bi burji zuwa gidan dattijon.

Mutum ne dogo siriri da ya haura saba'in, ba ya son yawan magana. Bayan gaisuwa, abin da ya fara miƙo mini wani ɗan littafi ne da Hukumar Kare Gandun Daji da Namun Dawa ta Mizuri ke bugawa kowace shekara, mai ɗauke da dokokin farautar talotalo. Ya ce tunda ba ni da lasisi, ba zan riƙe bindiga ba, kuma ko kiran tsuntsun ba zan taya shi ba, domin mai taya maharbi kira ma sai yana da takarda. Nawa zama ne da kallo. Sannan ya dubi hulata fara ya girgiza kai. Fari, ja, shuɗi da baƙi, ba a shiga daji da su a wannan lokaci, saboda su ne launukan kan namijin talotalo da jikinsa, wani maharbin na iya hango ɗan fari yana motsi cikin duhuwa ya saki wuta. Ya ara mini riga da hula da safar hannu da wata 'yar raga ta rufe fuska.

A daren na zauna da littafin, ƙanena yana fayyace mini inda na kakare. Sati uku kacal ake farautar wannan lokaci. Namiji ake harbi, ko duk wanda aka ga gemu a ƙirjinsa, domin namijin talotalon daji yana da wani dogon gashi mai kauri da ke sauka daga ƙirji kamar jelar doki. Biyu ne iyakar abin da mutum zai kashe a sati ukun, a satin farko ɗaya tak, kuma ko daga baya ba a harbin biyun a rana guda. Ana farawa rabin awa kafin fitowar rana. A filin gwamnati ana tsayawa ƙarfe ɗayan rana.

Ƙarfe huɗu da rabi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Muka yi 'yar tafiya a akori-kurarsa zuwa cikin dajin gwamnatin tarayya da ake kira Mark Twain. Da muka tsaya na ce masa muna da salla, sai ya kashe fitilar mota ya koma gefe ya jira, ni da ƙanena muka yi asuba a kan busasshen ganye, sanyi na ratsa ƙafa. Daga nan ƙanena ya zauna a mota, don dattijon ya ce mutum uku sun yi wa talotalo yawa.

Muka hau wani tudu cikin duhu ba tocila. A can sama ya tsaya, ya haɗa hannuwa a baki ya yi kukan mujiya. Shiru. Ya sake. Daga ƙasan kwarin sai wani sauti ya ɓarke, gulu-gulu-gulu mai ƙarfi da ya cika dajin ya dawo, har tsigar jikina ta tashi. A wannan lokacin na barbara namiji ba ya iya jin ƙara mai kaifi ya yi shiru, ko tsawa ce ko rufe ƙofar mota sai ya amsa. Da haka maharbi ke gane bishiyar da ya kwana.

Muka gangara a hankali muka zauna, kowa ya jingina da gindin itacen da ya fi kafaɗarsa faɗi, saboda ko wani ya yi harbi daga baya itacen ya tare. Ya fito da wani ɗan akwatin katako mai murfi, ya goga murfin a bakin akwatin, sai ga muryar mace sak. Namijin ya amsa tun kafin ya rufe. Gari na wayewa muka ji fuffukar saukarsa, nauyi kamar an jefo buhu. Na ce a raina magana ta ƙare. Ashe mata na gaske suna kusa. Muka ji su suna ƙyarƙyara, suka janye shi ƙetaren kwari, muryarsa na nisa har ta ɓace.

A nan na gane inda wahalar take. A ɗabi'ar tsuntsun, namiji ne ke tsayawa ya yi kira ya baje wutsiya, mace ta zo ta same shi. Maharbi kuwa so yake ya juya al'amarin, ya sa namiji ya tako zuwa wurin macen da bai gani ba. Kuma doka ta tsaya kai da fata cewa wahalar nan ba za a rage ta ba. Da hantsi muna shan ruwa dattijon ya lissafa mini da yatsu. Ba a kunna muryar talotalo da aka naɗa a na'ura, sai wadda mutum ya yi da bakinsa ko hannunsa. Ba a zuwa da kare. Ba a ɗaure talotalo mai rai don ya jawo 'yan'uwansa. Ba a zuba masara ko wani hatsi, kuma wurin da aka zuba, ko an kwashe, sai ya kwana goma kafin ya halatta. Bindiga mai harsashi guda mai dogon zango an hana, sai ta harbin tsuntsu mai watsa ƙananan ƙwayoyi, ita ma harsashi uku ne iyakar abin da za ta ɗauka. Baka da kibiya an yarda.

Na tambaye shi dalilin hana hatsi, tunda ko da hatsi ko babu, biyu dai mutum zai kashe. Ya ce ai lissafin hukuma ya dogara ne a kan cewa mafi yawan masu lasisi ba za su cike biyun ba, da yawa ma ko ɗaya ba za su samu ba. Ranar da kowa ya iya tara garke a kan tulin masara, biyun nan sai ta zama annoba. Ya ƙara da cewa kakanninsa da hatsin suka gama da tsuntsun, su haƙa ɗan rami mai tsawo su zuba masara, idan kawuna sun jeru a harba sau ɗaya.

Wajen ƙarfe goma wasu samari biyu na talotalo suka ɓullo ba ko sallama, 'yan shekara guda, gemunsu bai wuce tsawon yatsa ba. Sun zo kusa har ina ganin ƙiftawar idonsu. A dokar Mizuri halal ne ya harbi ɗaya. Bindigar na kan gwiwarsa, bai ko ɗaga ta ba. Da suka wuce ya raɗa mini cewa baɗi su ne za su cika wannan kwarin da kuka. A jihar Arkansas da ke maƙwabtaka da su, in ji shi, an ma hana manya harbin irin waɗannan samarin, sai yara masu koyo.

Sha biyu ta gota muka ji wani namijin ya yi kira shi kaɗai ba wanda ya tsokane shi. Irin wannan shi maharba ke so, domin matansa sun watse sun tafi sheƙa, kaɗaici ya dame shi. Muka zauna da sauri. Dattijon ya yi kira a hankali, ya amsa. Ya matso. Ya sake matsowa. Sai na hango shi a kan wani ɗan tudu, ya baje wutsiya kamar maficin sarauta, fukafukai na jan ƙasa, rana na dukan gashinsa yana walƙiya kamar tagulla, kansa na sauyawa daga ja zuwa fari. Akwai wani gurnani da yake yi can ƙasa-ƙasa wanda a ƙirji ake jin sa. Amma ya toge a nan, wajen taku saba'in, yana kai da komowa yana jiran macen ta fito.

Na ga dattijon ya karkato da hannu ya saci kallon agogo. Saura minti shida. Ya yi kira sau ɗaya, tsuntsun ya amsa bai gusa ba. Saura uku. Da allura ta hau ɗaya, sai ya zare bindigar daga kafaɗa, ya kwantar da ita a cinya, ya ajiye akwatin kira. Ba a yi minti goma ba namijin nan ya naɗe wutsiya ya gangaro, ya bi ta gabanmu tazarar da ko da gwafa yaro zai same shi, yana miƙa wuya yana neman macen. Ya gaji ya wuce.

Babu kowa a dajin nan sai ni da shi da Allah. Tun safe ba mu ga ma'aikacin hukuma ba, ba mu ji motsin mota ba. Na daɗe ina kallon mutumin nan yana cire harsasai ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu. Na ce masa, minti goma fa. Ya ce ƙarfe ɗaya aka ce. Bai ƙara ko kalma ba. Lokacin azahar ya shiga daidai nan, na yi alwala da ragowar ruwan gorata na yi salla a inda tsuntsun ya taka, sawunsa na nan a ƙasa, yatsu uku, faɗin tafin hannuna.

Da yamma ya ɗauke mu zagaya, ya ce sai mun ga inda abin ya faro. Muka fara da Grandin, wani ɗan ƙauye shiru da ba za ka ce ya taɓa yin wani tashe ba. Wajen shekarar 1900 injin yankan katakon da ke nan yana cikin mafi girma a duk Amurka. Cikin shekara ashirin da 'yan kai suka share dazuzzukan yankin, suka naɗe kayansu suka yi gaba. Abin da ya rage aka sake masa shanu da aladu suna kiwo ba makiyayi, ana cinna masa wuta kowace shekara, mutane kuma na harbin duk abin da ya motsa, rani da damina, don tukunya da kasuwa. A ƙarshen shekarun 1930 jihar ta rufe farautar talotalo ɗungurungum. Duk da haka, zuwa farkon shekarun 1950 abin da ya rage a Mizuri bai kai 2,500 ba, sun maƙale a lungunan waɗannan tuddai.

Da farko an ɗauka abin mai sauƙi ne: a ƙyanƙyashe talotalo a gona a sake su a daji. An saki dubbai, suka ƙare a bakin namun daji, domin tsakon da uwa ba ta yi yawo da shi a dawa ba bai san abin gudu ba, bai san abin ci ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Duk wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabuwar daji ya san jinin daji daban ne, kuma ba a koyar da shi a akurki.

Daga nan muka bi wata doguwar hanyar burji zuwa bakin Peck Ranch, gandun da ya haura eka 23,000, wanda hukumar jihar ta saya domin ragowar talotalon su samu mafaka. Dabarar da ta yi aiki ita ce kama na dajin da ransu a kai su inda babu. Kama talotalo kuwa ba wasa ba ne, sai da aka samu wata raga da ake harbawa da albarushi ta rufe garke gaba ɗaya. A Mizuri aka ƙirƙiro ta a 1948 don kama dinyar daji, sannan a 1951 wani ma'aikacin daji mai suna Herman Holbrook ya gwada ta a kan talotalo a jihar Karolina ta Kudu ta yi. Daga 1954 zuwa 1979 ma'aikatan Mizuri suka yi ta kamawa suna rarrabawa, kimanin tsuntsu 2,600, 'yan kaɗan a kowane wuri, bayan mutanen wurin sun yi alkawarin ba za su taɓa su ba. A 1960 aka sake buɗe farauta, kwana uku, a gundumomi 14, aka kashe 94. Dattijon ya ce yana yaro lokacin, kuma mutumin da ya dawo da talotalo a garinsu sai da aka taru kallonsa. A 2004 abin da aka kashe a wannan lokaci na shekara ya kai dubu 60. Har wasu jihohi suka zo roƙon iri: Wisconsin ta karɓi talotalon Mizuri daga 1976, ta biya da wani tsuntsu mai kama da fakara.

Na tambayi inda kuɗin wannan aiki ke fitowa, don na san hukuma ba ta tafiya da fatar baki. Tun 1937 akwai dokar tarayya, Pittman-Robertson, da ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsasai, kashi 11 cikin ɗari, ana raba kuɗin ga jihohi don kula da namun daji da harkar farauta. Ga kuɗin lasisi. Sannan a 1976 mutanen Mizuri da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka ɗora wa kansu ƙarin harajin saye, santi ɗaya a kowace dala takwas, yana tafiya kai tsaye ga hukumar. Wanda aka kama ya kashe talotalo ba bisa ƙa'ida ba, ban da hukuncin kotu, akwai tarar dala 500 zuwa 1,000 a kan kowane ɗaya. Naman kuma ba a sayar da shi ko kaɗan.

Da labarin ya tsaya nan da ya yi daɗi. A daren wani maƙwabcin dattijon ya shigo hira, matashi mai kiwon shanu, nan take musu ya kaure a barandar gidan. Talotalo na raguwa, a Mizuri da yawancin jihohin kudu da tsakiya, kuma kowa ya yarda da haka. Tun 1959 hukumar ke ƙirga 'yan tsaki a watannin Yuni, Yuli da Agusta, ma'aikata da 'yan sa-kai suna rubuta uwa nawa suka gani da 'ya'ya nawa. Daga 2016 an yi shekaru a jere da lissafin bai kai tsako ɗaya ga kowace uwa ba. Tsuntsuwar da ke saka ƙwai goma zuwa sha biyu ke nan.

Matashin ya ce laifin namun da ke fasa ƙwai ne, musamman wata dabba mai zanen baƙi a ido da suke kira rakun, wadda ta yi yawa tun da kasuwar fatarta ta faɗi masu ɗana tarko suka daina. Ya ce a bar maharba su sarara. Yana murna da sabon canjin da aka yi a shekarar: a gonar mutum ta kansa yanzu an yarda a yi farauta har faɗuwar rana, ƙarfe ɗayan ta rage a filin gwamnati kaɗai. Hujjarsa ita ce yaransa na makaranta da masu aikin safe su ma su samu shiga. Dattijon bai so canjin ba. Ya ce rabin yinin nan na uwaye ne, su kwanta a kan ƙwai ba mai ratsa daji yana tayar da su. Ya kuma kawo kukan sababbin kaya: harsashi mai ƙwayoyin wani ƙarfe da ya fi dalma nauyi, wanda ke kashewa daga nisan da a da ba a ko gwadawa, da gumakan roba masu kama da tsuntsu sak, da masu ɓuya a bayan wutsiyar talotalo suna rarrafe zuwa wurin namiji, shi kuma ya taho faɗa a harbe shi. Ya ce da irin harsashin nan, tsuntsun da ya toge mana ɗazu da tuni yana cikin firji.

Jihohi da dama sun riga sun ja linzami. Georgia ta rage iyakar abin da mutum zai kashe daga uku zuwa biyu a 2022 ta kuma jinkirta buɗewa. Tennessee ta yi haka a 2023, ta ɗaga ranar farawa da sati biyu. Kansas ta dakatar da farautar kaka, wadda a cikinta ake harbin mata. Mizuri ma a 2024 ta rage abin da mutum zai iya kashewa da kaka daga huɗu zuwa biyu. Masu goyon bayan jinkiri, irin su Michael Chamberlain na Jami'ar Georgia, suna ganin cewa idan aka harbe manyan maza tun kafin su gama barbara, sai a dagula tsarin garken, saka ƙwai ya yi latti. Amma wani bincike na Jami'ar Tennessee ya gwada jinkirin sati biyu a wasu gundumomi bai ga ya ƙara yawan ƙyanƙyasa ba. Su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga dattijon. Idan ana shakka, gara a yi kuskure ta wajen ragawa tsuntsu, domin lokacin farauta ana iya ƙara shi baɗi, garken da ya ƙare kuwa sai an yi shekara ashirin da biyar ana jigila da raga. Sai dai abin da na gani washegari ya nuna mini cewa agogo da ƙidaya kaɗai ba za su wadatar ba.

Ranar Talata da rana ya zagaya da mu gonarsa. Rabinta makiyaya ce mai wata ciyawa da ake kira feskiyu, kore shar, a cunkushe kamar darduma. Shanu na son ta, amma ya ce ɗan tsako ba ya iya ratsa ta, in ya shiga da raɓa sai ya jiƙe sanyi ya kashe shi. Ɗaya gefen kuma daji ne da ya rufe ruf, ƙasansa ba komai sai busasshen ganye. Tsakanin biyun akwai wani yanki da ya sassare wasu itatuwa rana ta samu shiga, yana kuma sa masa wuta bisa tsari duk bayan 'yan shekaru, a ƙarshen hunturu, bayan ya share iyaka ya duba iska. Wurin ya fito da ciyayi iri-iri masu tsayin gwiwa, sama a rufe, ƙasa a buɗe, fara da ƙwari na ta tsalle. Sati biyun farko tsako ba ya iya tashi sama, a ƙasa yake kwana ƙarƙashin uwarsa, kuma ƙwari ne abincinsa. In ya tsallake waɗannan kwanaki ya fara hawa reshe, ya tsira daga mafi yawan masu cinsa.

Muna cikin tafiya a bakin wannan yanki sai ya riƙe mini hannu. A gindin wani reshe da ya faɗo, cikin ƙaya, ga ɗan gurbi a ƙasa da ƙwai bakwai masu ɗigo-ɗigon ja, an ɗan rufa musu ganye. Uwar ba ta gama sakawa ba, kullum ɗaya take ƙarawa, sai sun cika ta kwanta kwana 28. Ba mu matsa ba. Muka ja da baya ta inda muka fito, ya ce ba zai sake bi ta nan ba sai Yuni.

Ƙwan nan bakwai sun mayar da ni gida. Da farkon damina muna yara, in muka tsinci gurbin zabuwar daji a bakin gona, hula muke cikawa. Kakanmu in ya gani sai ya yi faɗa, ya ce maharbin kirki ba ya cin ƙwai ba ya harbin mai ciki, kuma shi da kansa yana rataye bindiga in ruwa ya sauka sai kaka ta wuce. A wurinsa na fara jin cewa daji ma yana da lokacin da ake kama masa jego. Ba a rubuce yake ba, amma manyan maharba na tsawatarwa kuma ana ji. Dokar namun daji ta Jihar Arewa tana nan tun 1963, ga gandun dajin Yankari, ga na Lame-Burra a ƙofar gidanmu, ga na Falgore. Amma yau in an fita farautar gayya da rani, mota-mota, da karnuka da gora da wuta, ba a tambayar mace ko namiji, babba ko ƙarami. Rabon da in ji kukan zabin daji da asuba a bayan garinmu na manta, kuma wannan yana ci mini rai. Ban ga wani abu a Mizuri da kakana bai sani ba game da tsuntsu. Abin da suka fi mu shi ne sun rubuta, suna ƙirgawa duk shekara, sun sa kuɗinsu, sannan in lissafi ya nuna raguwa suna zama su yi musu su canja.

Ranar Laraba muka koma tudun farko. Wannan karon matan sun bi wata hanya, namijin ya sauko shi kaɗai, dattijon ya yi kira sau biyu ya yi shiru. Bakwai saura kwata tsuntsun ya fito fili, taku talatin, ya miƙa wuya. Harbi ɗaya. Dattijon ya je ya durƙusa a kansa ya daɗe yana shafa gashin bayansa. Kafin ya ɗaga shi sai da ya ciro waya ya soke lasisinsa na wannan tsuntsu, domin doka ta ce nan take ake yi. Sannan dole a sanar da hukuma kafin ƙarfe goma na daren ranar, ta waya ko intanet: gundumar da aka harbe shi, babba ne ko saurayi, da tsawon ƙaiminsa. Ta haka ne kafin a rufe farauta hukuma ta san abin da aka kashe a kowace gunduma. Na ɗaga shi na ji nauyi, ya yi kilo goma, gemunsa ya fi tsawon tafin hannuna. Ya ce shi ke nan, bindiga ta koma ɗaki sai Litinin mai zuwa.

Matarsa ta san ba za mu ci abin da ba a yanka ba, tun kafin mu dawo ta soya mana kifin kogi da dankali. Muka ci, muka yi sallama, ya raka mu har bakin kwalta. A hanya ƙanena ya ce, "Yaya, tun jiya ba ka cika magana ba." Na ce masa Kaka nake tunawa.

Ina gida a watan Yuli, gero ya kai ƙugu, sai ga saƙo ta WhatsApp daga ƙanena. Dattijon ne ya ba ɗansa hoto ya ce a tura wa baƙon nan na Najeriya. An ɗauke shi daga nesa, ta tagar mota, a bakin yankin nan da yake sa wa wuta. Uwaye biyu ne ke tsallaka burji, 'ya'ya na biye da su, kowanne ya kai girman fakara. Na buɗe hoton da yatsu na ƙirga, na sake ƙirgawa, tara ne. A ƙasa an rubuta cewa ya riga ya shigar da su a takardar ƙidayar hukuma.